Baba Ba Ya Ƙin Amsa Gaisuwa

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, irin imel ɗaya muke amfani da shi ni da Baba, amma akwatina tas yake, nasa kuwa kamar bola. Masu tallan maganin sanƙo, masu yi masa albishir ya ci gasar da bai shiga ba, duk sun baje a gaba-gaba. Alhali manhajar imel ɗin tana da matata da ke tsince saƙonnin banza ta watsa su kwandon shara. Me ya sa ta Baba take barci?

Ba son bin diddigi kaɗai ke damuna ba. Saƙo ɗaya tak Baba yake jira a akwatin nan: na Yaya, wanda ya bar gida bayan sun yi cacar baki, ya canza lamba, bai sake waiwayarmu ba. Tsorona kada ranar da zai rubuto saƙon ya nutse cikin tarkace.

Na sami Baba a shagonsa na gyaran agogo, ya duƙufa a kan wani agogon hannu. Na ja kwamfutarsa na yi ta tone-tone, har na gano bakin zaren. Tun daga kamfani aka saita manhajar: duk wanda ka taɓa ba wa amsa, ta ɗauke shi na gida, ba ta sake tace saƙonsa.

"Baba, kana amsa wa mutanen nan ne?"

"To, mutum ya gaishe ni in yi shiru? Ba haka aka rene ni ba, Auta."

"Har mai maganin sanƙo?"

"Shi ma na ce na gode, amma ya makara."

Na yi dariya har da ƙwalla. Da na buɗe amsoshin sai dariyar ta ɗauke. A ƙarshen kowacce Baba yakan ƙara cewa yana da ɗa a can wajensu, ga sunansa, ga kamanninsa, in an gan shi a ce ya nemi gida.

"Ai ga shi abin ya yi amfani," in ji Baba, yana murmushi. "Duba na safiyar yau. Jira nake ki zo mu buɗe tare."

Sunan Yaya ne ɓaro-ɓaro a sama. Wai yana cikin matsala, Baba ya danna wani wuri ya sa kalmar sirrinsa su yi magana. Ni ma na so ya zama shi ne. Na duba adireshin. Na mai albishir ɗin gasa ne, suna kawai ya sauya.

Na faɗa wa Baba gaskiya. Ya ajiye agogon, ni kuwa tausayinsa ya cika ni.

"In na kashe saitin nan, irin waɗannan ba za su riƙa wucewa kai tsaye ba," na ce. "Amma matatar ba ta san Yaya ba. Idan ya rubuto da sabon adireshi, tana iya jefa shi shara."

Ya daɗe yana kallon sunan.

"Kashe," ya ce. "Sai ki nuna mini inda sharar take. Zan riƙa tonawa da kaina kullum."