Jan Fenti a Haƙoran Ram

Duk bakaniken da ke tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ya san halin Alhaji Ishiyaku mai bas. Ba ya kai mota gareji sai ya ɗiga jan fenti a jikin kafireta da filogi da duk ƙarfen da hannu zai iya kwancewa. Kuma a lungun da ido ba ya kaiwa yake ɗigawa, don kada a musanya masa sabo da tsoho a kwaikwayi alamar. Direbobi da yawa suna yin haka, amma nasa ya wuce misali. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da zargi yake yi wa daɗi kamarsa ba.

'Yarsa Khuzaima tana da ɗan shago a Gwaram, tana buga wa mutane takardu. Kwamfutarta ta yi nauyi, sai a danna abu a je a yi alwala a dawo bai buɗe ba. Alhaji ya saka kwamfutar a mota ya kai wa Rilwanu a Birnin Kudu. Rilwanun nan ɗan marigayi Malam Buba ne, aminin Alhajin tun suna yaran mota, kuma bai daɗe da buɗe shagon gyara ba. Ba shi da wani jari da ya wuce sunansa. Duk ranar da aka ce yana cire kayan mutane, ranar zai tashi daga aiki.

Rilwanu ya duba ya ce ram ne ya yi kaɗan, wato wani siririn falle mai haƙoran zinariya a gefe, wanda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinsa. A gaban Alhaji ya buɗe ta ya ƙara sabo, ta koma gudu kamar yau aka saye ta. Da za su rabu ya ce a dawo da ita wani makon ya sabunta mata manhaja.

Wannan "a dawo da ita" ce ta tsaya wa Alhaji a rai har Gwaram. Mutum ya gama aiki, me zai sa ya nemi a sake kawo masa? Ana gobe za a mayar, ya jira Khuzaima ta tafi gida, ya ɗauko sukuddireba da gwangwanin fentinsa, ya zare ram ɗin yadda ya ga an yi. Ya jujjuya shi yana neman lungu. Haƙoran nan su ne ke nutsewa cikin rami, ba mai ganinsu, don haka nan ya shafa da tsinken ashana. Ya bari ya bushe ya mayar, ya kunna, ta tashi. Har da murmushinsa.

Da aka kai ta, Rilwanu ko murfinta bai buɗe ba, manhaja kawai ya saka. Sau ɗaya ta daskare a hannunsa, ya ɗora laifin a kan janareta.

A Gwaram kuwa abin ya zama ciwo. Khuzaima tana tsakiyar bugu sai allon ya koma shuɗi, kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Tambayoyin jarrabawar wani malami daga Maruta suka tafi a haka, bayan ta wuni a kansu, ta zauna ta yi kuka. Ta kira Rilwanu, ya yi ta tambaya: wuta ce ke rawa, ko zafi take yi, ko wani ya buɗe ta? Ta ce babu wanda ya taɓa, kuma iya saninta ke nan.

Alhaji ya sake zare ram ɗin a ɓoye. Jan yana nan, amma duk an karce shi layi-layi. Ƙarafan cikin ramin ne suka karce shi wajen shiga, sai dai wa zai gaya wa Alhaji haka? A wurinsa magana ta ƙare: yaron ya gano alamar, ya so kankare ta ya kasa, sai ya huce a kan wani abin daban a ciki. Ya ƙara fenti, mai kauri wannan karon. Daga nan kwamfutar ba ta ƙara tashi ba, sai wani ƙara take yi, ɗit, ɗit, allon baƙi ƙirin.

Bai tunkari Rilwanu ba. Tasha ya nufa, ya zauna a benci ya ba da labari da muryar mai baƙin ciki, wai ɗan amininsa ne, shi ya sa abin ya fi yi masa zafi. Maganar tasha kuwa kowace mota sai ta ɗauki rabonta. Kafin mako ya zagayo wani hedimasta daga Sundimina ya je ya karɓe kwamfutarsa ba a gama gyara ba, wasu suka bi bayansa. Rilwanu yana ganin ana gaishe shi sama-sama, bai san dalili ba.

Sai da labari ya gama gari sannan Alhaji ya ɗauki kwamfutar, ya ja Ɗanladi ɗan kamasho ya zama shaida. Rilwanu ya tare su da fara'a, ya jona ta, ya ji ƙaran, ya ce wannan kukan ram ne. Ya zaro shi ya ɗaga wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Baba, wa ya shafa wannan?"

"Alamata ce," in ji Alhaji. "Ga inda ka so kankarewa nan."

Rilwanu bai yi musu ba. Ya jiƙa auduga da sinadari ya goge haƙoran har zinariyar ta fito, ya hure ramin, ya mayar. Ya ce ta haƙoran nan wuta ke bi, fenti kuwa toshe ta yake yi. Kwamfutar ta tashi, ya bar ta tana aiki har aka yi la'asar aka dawo, ko gezau.

Tambaya ɗaya ya ƙara yi, yaushe aka fara shafawa. Alhaji ya ce kafin a kawo ta karo na biyu.

"Lokacin lafiyarta ƙalau ke nan," Rilwanu ya faɗa a hankali. "Ban ma sake taɓa ta ba tukuna, Baba."

Ya naɗe wayoyin ya kai masa ita har mota. Alhaji ya karɓa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma wallahi ta dace da shi.

Washegari da sassafe ya koma bencin tasha, ya tara direbobi ya ce shi ya ɓata kwamfutar da hannunsa, yaron ba shi da laifi ko kaɗan. Ya kira Ɗanladi ya shaida. Ɗanladi ya ce shi dai ya ga an goge wani abu da auduga, amma mene ne aka goge, Allah masani.

Wani tsohon direba ya dafa kafaɗar Alhaji, cike da girmamawa.

"Mun gane, Alhaji. Ɗan amininka ne, dole ka rufa masa asiri. Allah ya ba ka lada."

Alhaji ya rantse, ya sake rantsewa. Suka yi ta gyaɗa kai suna yaba masa halin dattaku, motar Birnin Kudu ta cika ta tashi.