Dundun Ya Ƙi Yin Ƙiba

Tun washegarin da suka iso ƙauye hutun sabuwar shekara Dundun ya rufe bakinsa. Yaron da a birnin Changsha sai an ɗauke tukunyar shinkafa daga gabansa, ga shi yanzu zaune bakin murhu, ya haɗe leɓe, ya cusa hannuwa cikin aljihun rigar sanyi.

Danping, uwarsa, ta yi duk abin da ta sani. Ta taɓa goshi, ta leƙa maƙogwaro da fitilar waya, ta danna ciki. Babu zazzaɓi, babu gudawa. Ta dafa masa ƙwai a turare mai laushi da ɗigon man riɗi, abin da yake lashe kwanonsa a gida. Ya shinshina, ya haɗiye yawu har ana jin ƙara, sannan ya kau da kai.

"Na ƙoshi."

"Da me ka ƙoshi? Da hayaƙi?"

Surukarta, wadda Dundun ke kira Nainai, tana yanka barkono a gefe, ta ajiye wuƙa. A al'adarsu kowace shekara da dabbarta. Ita a wajenta babu wani abu a duniya da dabbar shekarar haihuwar mutum ba ta bayyana ba. In ɗanta Haibo ya yi shiru ana faɗa, Zomo ne. In mijinta ya tashi gida da surutu tun asuba, Zakara ne. Ita kuwa Damisa ce, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa ba.

"Alade da ƙin abinci," in ji ta. "Ban taɓa ji ba. Ɗan shekarar Alade da arzikinsa ake haifarsa, ya ci, ya yi barci, ya yi fara'a. Sai dai in an haɗa shi da abin da bai dace da shi ba."

Ta ɗan dubi Danping ta wutsiyar ido. Danping shekarar Maciji aka haife ta, kuma tun ranar da aka haifi yaron ake tuna mata cewa Maciji da Alade ba sa shiri.

"Ma," in ji Danping, da sunan da take kiran surukarta, "shekara huɗu yana cin abinci a hannun macijiyar nan, dubi kumatunsa."

"Ina dubawa, sun fara zubewa. Ku bar mini shi nan in kun tashi komawa, ki ga ikon Damisa."

Danping ta waiwayi mijinta ko zai ce wani abu. Haibo ya tuna akwai itacen da bai faskara ba, ya fice.

Ba maganar ta dame ta ba, ta saba. Wuyan hannun yaron ne, inda a da tsoka ke ninkewa kamar an ɗaure da zare, yanzu layin ya fara ɓacewa. Ta ƙudurta in gobe ma bai ci ba, mota za ta nema su tafi asibitin gunduma, komai Nainai za ta ce.

Da rana ta haɗa ruwan zafi don ta wanke shi kafin sanyi ya sauko. Tana cire masa rigar ciki sai ta ga ya ja numfashi ya shanye tumbinsa, ya riƙe har fuskarsa ta yi ja.

"Saki cikin nan kafin ka faɗi."

"Mama, na rame?"

Ta tsaya da tsumma a hannu. "Wa ya ce ka rame?"

"In na rame ai ba za a yi ba."

"Ba za a yi me ba?"

Ya leƙa ƙofa, ya matso kusa da kunnenta. "Yeye ya gaya wa mutumin nan aladenmu ya yi ƙiba, ya isa yanka. Ya ce a zo da babbar wuƙa."

Danping ta zauna daɓas a kan kujerar tsuguno. Ta tuna ranar isowarsu. Kakan, wanda Dundun ke kira Yeye, ya ɗaga yaron sama, ya ja kumatunsa, yana cewa aladenmu ya yi ƙiba. Da yamma kuma, a bakin katanga, da wannan bakin da waɗannan kalmomin, ya yi wa mahaucin ƙauyen maganar aladen da ke ɗaure bayan gida, wanda aka yi shekara ana kiwo don bikin. Dundun yana wajen, yana tsotsar alewa.

Dariya ta taso mata, ta danne, don idon yaron ya cika da hawaye.

"Wancan na bayan gida ake nufi, mai ƙafa huɗu. Kai suna ne kawai, sunan shekara."

"Nainai ta ce ba suna ba ne kawai. Ta ce Baba Zomo ne shi ya sa yake gudu. Kuma yana gudu."

Danping ta matse tsumman. Ta goge shi, ta maida masa kaya, ta ɗaura masa hula, ta ɗauki ƙwan da ya huce ta ɗora kan tukunya ya ɗumama.

"Zo mu je."

Suka tarar da kakan a tsakar gida yana wasa wuƙaƙe a kan dutse. Dundun ya ɓuya bayan ƙafar uwarsa.

"Ba," in ji Danping, da sunan da take kiran uban mijinta, "wace dabba ce taka?"

"Yau kuma? Zakara mana."

"Me muka ci jiya da dare?"

"Kaza da citta. Ƙafa ɗaya ma ni na cinye." Ya dube ta, ya dubi ɗan hancin da ke leƙowa ta bayanta. "Me ya faru?"

Ta faɗa masa a taƙaice. Tsohon ya buɗe baki zai fashe, ta zare masa ido irin wanda suruka ba ta yi wa uban miji, ya mayar da dariyar tari.

Ta juya ga Dundun. "Ka gani? An yanka kaza, ga Yeye nan daram."

Dundun ya yi nazari. "Yeye ramamme ne."

Gaskiya ne, tsohon kamar sandar gora yake. Danping ta ɗauki kwanon ƙwan, ta rufe da faranti, ta kama hannun yaron suka bi hanyar gonakin shinkafa da suka bushe, zuwa gidan mahaucin. Nainai ta biyo su da gyalenta, tana tambayar iska inda za a kai mata jika cikin wannan sanyi.

Mahaucin, Tsoho Geng, yana zaune a ƙofar gidansa ya cika benci shi kaɗai, tumbinsa ya ture maɓallan riga. Dundun na ganinsa ya ja tunga.

"Kawu Geng, sannu da hutawa. Tambaya muka kawo. Wace shekara aka haife ka?"

"Dube ni da kyau, 'yar nan, sai kin tambaya? Alade ne ni, uban aladun ƙauyen nan."

Dundun ya fito da kai. Ya dubi tumbin tun daga sama har ƙasa.

"Kai ma?"

"Ni ma. Kai ne sabon namu? Zo mu gaisa, ɗan'uwa."

"Me ya sa ba a yanka ka ba?"

Nainai ta dafe ƙirji, sai yanzu ta gane. Tsoho Geng kuwa bai ko yi murmushi ba. Ya shafa tumbinsa, ya amsa kamar da babban mutum yake magana.

"Mu masu ƙafa biyu ba a taɓa mu. Sama da shekara sittin ina ci ina ƙara ƙiba, ko wanzami bai taɓa yanka ni ba. Amma in gaya maka, ramammen Alade abin kunya ne gare mu. Kada ka ɓata mana suna."

Dundun ya sunkuya ya ƙirga ƙafafunsa. Ya ƙirga na tsohon. Danping ta buɗe farantin kawai, ta riƙe kwanon daidai hancinsa. Ya karɓi cokali da kansa. Bai ɗago kai ba sai da aka ji ƙarar cokali a gindin kwano.

"Akwai saura a gida?"

"Akwai tukunya guda."

A hanyar dawowa, da suka wuce rijiya, Nainai ta rage sauri. Sannan ta gyara gyale.

"Dama an san Maciji da zurfin tunani. Sai su ke jin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ni tun farko na ce yaron nan ya yi sa'ar uwa."

"Haka ne, Ma."

Dundun, da ke gaba yana tsalle, ya juyo da sauri.

"Mama, in za a sake yanka kaza ki ce wa Yeye ya shiga ɗaki. Zakara ƙafa biyu gare shi."