Na'urar da ke Saman Wadurob

Ƙwallon robar ta daki bango, ta dawo ta gangara ƙarƙashin gadon gwaji. Hedimasta ne ya yi jifa da ita da hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa mai jin magana.

"Ni za a ba ƙwallo?" ya ce. Tun da ciwon ya shanye masa ɓarin dama kalmominsa ke fitowa a karkace, amma faɗan na fitowa daidai. "Ni da na tsufa ina ƙwace irinta a hannun yara?"

Auta, ƙaramar 'yarsa, ta durƙusa ta zaro ƙwallon ta jefa a jaka. Ba ta ba kowa haƙuri ba. Ta gama rabon haƙurinta a asibitin nan tun watan farko.

Likitar gashin ƙashi ta ja ta bakin ƙofa, ta rage murya.

"Ba zan ɓoye miki ba. Hannun nan bai mutu ba, barci yake. Amma in aka ci gaba a haka yatsun za su ƙage su naɗe, kuma in suka naɗe ba ni da abin yi. Lokacin da ya rage mana ba yawa."

"Ya ƙi ƙwallo. Ya ƙi ɗaukar cokali. Jiya na ba shi biro, ya ce ya yi ritaya."

"To ki nemo abin da zai mantar da shi cewa magani yake yi. Me ya fi so a rayuwa?"

Auta ta leƙa mahaifinta, yana zaune a keken marasa lafiya yana hararar hotunan ƙasusuwa a bango kamar ɗaliban da suka makara.

"Hanawa," ta ce.

A tasi, Babban Yaya ya kira daga garin da yake aiki. Ya tambayi jikin Baba, sannan ya ce ta riƙa haƙuri da shi, ya ji an ce wani man shafawa yana aiki sosai. Ta ce to. Yayyenta maza duka sun ƙware a jinya ta waya. Ita ce ta ajiye aikinta na injiniya ta dawo gida, ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa aski a falo, daidai ƙarƙashin takardar digirinta da ya sa aka yi wa gilashi ya rataye. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta san suna jira su ji hakan, shi ya sa.

Da suka isa ta zaunar da shi a kujerarsa, ta ɗora hannun daman a kan matashi kamar baƙon da ba ya jin yaren gidan. Sai ta wuce ɗakinsa, ta jawo tebur ta hau.

"Me kike nema a saman wadurob?" in ji Mama daga bakin ƙofa. Da ta ga kwalin da Auta ke jawowa sai ta dafe ƙirji. "Ke Auta! So kike ki ƙarasa shi?"

"Kayana na ɗauko."

Kayanta ne kuwa. Kawu ne ya kawo mata na'urar wasan gem ta talabijin shekarar da ta zo ta ɗaya a jarrabawa. Ba ta ko gama sanin maɓallan ba Hedimasta ya zare wayar daga bango, ya ce abin nan yana kashe ƙwaƙwalwa, za a ba ta in ta gama sakandare. Ta gama, ya ce sai ta shiga jami'a. Ta shiga, ya ce sai ta fito. Da ta fito da sakamakon da ya yi ta nuna wa baƙi, ya ce ai yanzu ta girma, me za ta yi da kayan yara. Ba ta sake roƙo ba. Amma duk lokacin da ta shiga ɗakin, sai idonta ya gaida kwalin.

Ta dire shi a tsakiyar falo, ta ɓanɓare selotif ɗin da ya bushe.

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa, Baba. Ka tashi ka ƙwace."

Mama ta yi salati ta koma kicin. Auta ta goge baƙin akwatin da gefen ɗankwalinta, ta haɗa wayoyi a bayan talabijin. Ta san abu ɗaya game da mahaifinta: zai iya ƙin abinci, zai iya ƙin magani, amma ba zai iya jure a yi darasi a gabansa ba tare da ya gyara wa malamin ba. Don haka ta miƙe tsaye, hannu a baya, yadda yake tsayar da su suna yara.

"Wannan ita ce uwar na'urar. A cikinta akwai ɓangaren da ke lissafi da ɓangaren da ke zana hoto. Suna zafi in suna aiki, shi ya sa aka sa musu fanka a baya. Nan ake zura faifai. Nan kuma take ajiye inda mutum ya tsaya, ko ya shekara bai dawo ba."

"Ɗaga murya. Malami ba ya magana da ƙasa."

Ta ɗaga. Ta ɗauko ɗaya daga cikin abubuwan riƙewa guda biyu, mai ƙahonni kamar kan rago.

"Da wannan ake sarrafa ta. 'Yan sanduna biyu na manyan yatsu. Maɓallai huɗu a dama. A baya akwai kunama biyu, kamar ta bindiga, na yatsun nuni."

"Wato linzami ke nan."

"Linzami ke nan."

"To ki ce linzami. Kin yi ta zagaye."

Ta danna maɓallin kunnawa. Fankar ta yi tari, ta fesar da ƙurar shekaru, sannan ta kama juyawa. Haske ya cika talabijin. Motoci biyu suka bayyana a bakin layi, ja da shuɗiya.

Ta durƙusa ta sa masa linzamin. Hannun hagu ya karɓa da kansa, don dai ya duba kurakuran abin. Na daman ita ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, masu sanyi da nauyi, ta naɗe su a jikin ƙahon, ta ɗora yatsan nuni a kan kunamar.

"Jar taka ce. Hagu sitiyari. Totur yana dama."

"A mayar da shi hagu."

"Ba a mayarwa."

Ana mayarwa. Ta san inda ake shiga a canza, ba ta ko kalli wajen ba.

Aka buga ƙararrawar tashi. Shuɗiyar mota ta fice kamar an kore ta. Jar ta tsaya a layi, tayoyinta na gaba suna juyawa hagu da dama, 'yan kallon cikin talabijin suna ta yi mata tafi. Auta ta zagayo ta wuce shi. Ta sake zagayowa ta danna masa oda.

"Wasan banza," ya ce. "Dama na faɗa."

Ta dubi yatsan. Yana nan kwance inda ta ajiye shi. Ko don maganar likita ne ko don haushin kwalin, ita kanta ba ta sani ba. A zagaye na gaba ba ta kauce ba. Ta saita bayan jar motar, ta matse totur har ƙarshe.

Ƙarar karon ta fito da Mama daga kicin da ludayi a hannu. Hedimasta ya zabura.

"Mene ne wannan? Me ke rawa a hannuna?"

"Na manta ban faɗa ba. Akwai ɗan inji a cikin linzamin. In an daki motarka, sai ya girgiza."

"Darasi bai cika ba ke nan."

"A wane hannun ka ji, Baba?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannun daman, irin kallon da ake yi wa ɗan da ya daɗe da barin gida.

Auta ta ja da baya, ta sake dukansa. Ta sake. Wannan na sakandare. Wannan na jami'a. Murfin bayan jar motar ya ɓalle ya faɗi a titi.

"Auta, ubanki ne fa!" in ji Mama.

"A titi yake tsaye, Mama."

"Ke! Ba ki da tarbiyya ne?" Jijiyar wuyansa ta miƙe. "Motar mutum tana ajiye ki zo ki..."

"To ka matsar da ita."

Ta ja da baya sosai a wannan karon, don ya ga tahowarta. Shuɗiyar ta taho tana ƙugi. Hedimasta ya cije leɓe, gumi ya tsattsafo masa a goshi, kafaɗarsa ta dama tana rawa kamar mai ɗaga buhu. Sai jar motar ta yi wani ɗan tari, ta ja jiki gaba kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Auta ta wuce ta gefenta da ƙyar, ta shige cikin shinge.

Ludayin Mama na ɗiga a kan kafet, ba wanda ya ce mata komai.

"Kin gani?" in ji Hedimasta, yana haki. "Ba ki iya tuƙi ba."

Bai kai ƙarshen zagayen ba, amma ya kai kwana ta farko, ya daki fitilar titi, ya ɗora laifin a kan wanda ya dasa ta a nan. Sau da yawa yatsan kan zame, Auta ta mayar da shi ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Da Mama ta ce abinci na hucewa, ko juyowa bai yi ba.

"Bari a gama wannan."

Auta ta miƙe ta kashe na'urar. Hoton ya ɗauke.

"Wa ya ce ki kashe?"

"Yana kashe ƙwaƙwalwa, Baba." Ta zaro ƙwallon robar daga jaka ta ajiye masa a cinya. "Za a ba ka in ka gama da wannan."

Ya kalle ta, ta kalle shi. Gira iri ɗaya, taurin kai iri ɗaya. Ta sunkuya ta kama linzamin don ta mayar da shi kwali. Hannun hagu ya saki, cikin fushi.

Ta ja. Linzamin bai taho ba.

Ta ƙara ja a hankali, sai ta ji ana ja daga can. Ta tsaya a sunkuye, kanta a ƙasa, ta daɗe tana gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

"Mama," ta ce, "kawo masa abincin nan. Ki haɗo da cokali."