Ranar Ɗaya Ga Wata a Gadar Yongdo

Shekara talatin da ɗaya muka yi muna kankare tsatsa a jikin jiragen ruwa a tsibirin Yongdo na birnin Busan, ni da Yaya Dukja. A kan katako ɗaya da aka rataya a jikin jirgi muke aiki, kowacce da gudumarta. In ɗaya ta miƙa jiki don ta kai wani lungu, ɗayar ce ke riƙe mata igiyar ƙugu. Ƙarar guduma ta cinye min kunnen hagu, sai na koyi kallon bakin mai magana. Na Dukja kuwa ba ya hutawa.

Lokacin yaƙi na gudo Busan daga Hungnam, ina 'yar sha biyar. Turereniyar shiga jirgi a Hungnam ce ta raba ni da ƙanwata Oknyo. Mun riga mun yi alkawarin da kowa ke yi a lokacin: in an rabu, a haɗu a gadar Yongdo. Jikin gadar duk takardun cigiya ne, wata kan wata, ni kuma ban san ko baƙi ɗaya ba. Dukja 'yar gari ce, ta iya karatu, ita ke duba min. Kullum amsarta ɗaya, babu.

Wata rana ta ce ta je min wurin ɗaya daga masu duba da ke ƙarƙashin gadar. Wai ya ce zan ga ƙanwata, amma kada ƙafata ta taka gadar ranar ɗaya ga wata. Na kiyaye. Aka daina ɗaga gadar don jirage su wuce, masu duba suka watse, ina kiyayewa.

Sai da na kai saba'in da huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Dukja ta sha dariya, ba ta taɓa yarda na iya komai ba.

Bana, shekara shida da shigata ajin, idonta ya yi yana, ɗanta ya ce zai tafi da ita wurinsa a Seoul. Na je taya ta haɗa kaya.

"Ke 'yar Hungnam, buɗe gwangwanin can ki nemo min katin asibiti."

"Wanne ne a ciki, Yaya?"

"Mai hotona mana. Hoto dai ai kina ganewa, ko shi ma sai malamarku ta biya miki?"

Haka ta saba miƙo min takardu duk tsawon zamanmu, ba tare da tunanin komai ba. Can ƙasa na ci karo da wata da ta yi ja don tsufa, da busasshen kunun shinkafar da aka manna ta da shi a bayanta. Sunana na fara gani. Na ɗora yatsa na karanta a fili, a hankali, yadda muke yi a aji.

"Yayata Tak Gesun ta Hungnam. Ni ce Oknyo. Ina raye, ina aiki a masaƙa a Daegu. Duk ranar ɗaya ga wata zan zo nan in tsaya, daga ɗaga gadar safe har ta yamma."

Dukja ta daina naɗe bargon da ke hannunta.

"Wannan ba katin asibiti ba ne," ta ce.

"A'a."

"Ashe da gaske kin iya."

Na zuba wa bakinta ido. Na san ba ta jure shiru.

"Sau huɗu na gan ta. Kamarku ɗaya, har tafiyar agwagwar nan taku." Ta shafa bargon. "A watan ne jirgin mijina bai dawo ba. Ga goyo. Matan wurin aiki duk suka ƙi hawa katako da ni, wai farar ƙafa gare ni. Ke kaɗai ke riƙe min igiya. Na ce bari in ɓoye wata guda. Wata guda kawai, Gesun. Da ya wuce kuma, da wane baki zan faɗa miki?"

"Mai duban fa?"

"Wane mai duba? Miyar kifi na tsaya na sha na dawo."

"Me ya hana ki ƙone ta?"

"Hannuna ya ƙi."

Ɗanta ya danna ham daga titi. Gidanta a kan tudu yake, matakala arba'in da shida. Ta miƙo hannu cikin iska tana lalube. Na riƙe ta, mataki bayan mataki, har na zaunar da ita a mota. Ta damƙe hannun rigata.

"Ki zage ni mana. Ke ko zagi ba ki iya ba?"

Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na rufe mata ƙofa.

Yanzu an koma ɗaga gadar, sau ɗaya a rana, ƙarfe biyu, don 'yan kallo. Ranar ɗaya ga wata na je da kwalin cigiyar Oknyo. Sau uku na sake rubutun kafin layin ya miƙe. In Oknyo na raye ta kai saba'in da biyar. Na tsaya inda ake manna takardu a da, na juya kunnena na dama wajen mutane, duk tsohuwar da ta taho ina duba tafiyarta.