Gida Ya Cika

Shekara arba'in da ɗaya yana gaya wa matarsa magana ɗaya. Duk sanda ta dawo daga kasuwa, tun ba ta cire takalmi ba, zai ɗago kai ya ce, "Ke ce? To, gida ya cika." Ko da gidan ba kowa sai su biyu da kyanwa.

Shi ɗan wasan kwaikwayo ne. Da aka fara wani shirin talabijin mai dogon zango, sai aka ba shi matsayin tsoho mai gyaran rediyo, har sunan ya bi shi, kowa Mai Rediyo. A zango na farko, kai, mutumin nan ya zuba surutu! Shafi uku zai haddace a zama ɗaya, ya ƙara da nasa. Ranar da aka rasa yadda za a rufe kashi na farko, matarsa ta cikin wasa ta turo ƙofar shago, sai kawai ya ɗago ya faɗi maganar nan tasa ta gida. Darakta ya ce a bar ta. Daga ranar nan, da ita ake rufe kowane kashi.

Matarsa ta gaskiya, wadda 'yan shirin ke kira Mama, ta yi ta yi masa tsiya, wai ya kwashi kayanta ya raba wa duniya, yanzu har direban bas yana ce mata gida ya cika. Shi kuwa ya ce ai aro ya bayar, za a dawo mata da abinta.

A zango na biyu ya fara tsayawa a tsakiyar magana. Marubuciyar shirin ce ta fara lura, ba ta gaya wa kowa ba. Ta gajarta masa layuka, wasu ta rubuta a 'yan takardu ta manna a bayan rediyoyin da ke kan teburinsa. Sai ka ga yana juya rediyo kamar mai neman inda ta lalace, nan kuwa karatu yake. Masu kallo suka ce shirin ya nutsu, an rage hayaniya.

A zango na uku karatun ma ya gagara. Sai marubuciya ta juya labarin gaba ɗaya: mutanen unguwa su riƙa kawo rediyonsu, su zauna su zazzage masa damuwarsu, shi yana ta murɗa sukurudireba, bai ce uffan ba. Ku zo ku ga yabo. Aka ce ba a taɓa yin shiru mai nauyin wannan a talabijin ba. Maganar rufewa kaɗai ta rage masa, ita kam ba ta kuɓuce ba.

A gida fa? A gida ya daina faɗinta. Mama za ta shigo da kayan cefane, ya bi ta da kallo kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya. Wata rana ma ya tambaye ta ko matar gidan ta san ta shigo. Sai ta koma jiran ranar da ake nuna shirin, ta zauna gaban talabijin ta ji ya gaya wa wata abin da yake gaya mata, shi yana gefenta yana gyangyaɗi. Ba ta roƙi komai ba sai ta sake jin maganar nan daga bakinsa, ita a tsaye a gabansa, ko sau ɗaya.

Da zango na huɗu ya zo ƙarshe, likita ya ce aikin ya isa haka. Darakta ya so a kashe Mai Rediyo a labarin, marubuciya ta ce ba da hannunta ba. Abin da ta rubuta kaɗan ne: yana zaune, ƙofa ta buɗe, ya faɗi maganarsa, shi ke nan.

Ranar ɗaukar kashin, Mama ce ta kawo shi da safe, ta zauna a kan benci bayan kyamara, jakar maganinsa a cinyarta. Matar wasa ta turo ƙofa. Ya dube ta, ya mai da kai kan rediyo. Aka sake. Aka rage fitilu, aka kunna masa kiɗan shirin, aka sake. Sau tara. Darakta ya dafe kai ya ce a naɗe kaya, za a yanko tsohon hoto a liƙa.

Sai matar wasa ta juya. Ta cire mayafinta, ta taka har benci, ta yafa wa Mama.

"Yaya, tashi ki shiga. Dama taki ce, aro muka yi."

Mama ta ce ita da ko hoton katin shaida sai an yi fama da ita. Mai kyamara ya ce bayanta kawai zai ɗauka, ba wanda zai gane. Ta ajiye jakar, ta zagaya bayan bangon katako. Ta turo ƙofar. Ta tsaya tana cire takalmi, abin da matar wasa ba ta taɓa yi ba.

Ya kalli takalmin, sannan ya ɗago.

"Ke ce?"

Bakinsa ya yi ta motsi. Ba wanda ya yi ko tari.

"To," ya ce, "gida ya cika."

Darakta ya manta bai ce a yanke ba, sai mai kyamara ne ya kashe da kansa. Da wannan aka rufe shirin. Har yau mutane suna cewa ba kashin da ya kai shi, ba su san bayan wa suka gani ba.

Da azahar suka shiga motar haya za su gida. Mama ta riƙe hannunsa, tana so ta tambaye shi ko ita ya gani ko mayafin, ta kasa. Sun yi nisa yana kallon titi, sai ya juyo, ya zare hannunsa a hankali, cikin ladabi irin nasa ya ce, "Baiwar Allah, ke a ina za ki sauka?"

Ta gyara masa wuyan riga.

"Inda za ka sauka," ta ce.