Ɗakin Kwalin Malama Adawiyya

A gidan Malam Sharhabilu da ke Limawa akwai wani ɗaki da rabon mutum da kwana cikinsa tun shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha. Kwali ne ya tare a ciki. Matar gidan, Malama Adawiyya, ta yi shekara talatin tana koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, aikin da rabinsa almakashi ne da sitaci. Da ta yi ritaya sai hannun ya ƙi hutawa. Ta koma yin katin barka da Sallah, da mafici, da 'yan akwatunan zuba alawa ranar suna.

Gari kuma ya ba ta haɗin kai. Ma'aikatu suka zo da kalanda, kowane darakta zai aurar da 'ya sai ya buga kati mai kaurin faifai, 'yan unguwa kuwa duk wanda ya gama da nasa sai ya aiko mata, yana ganin ya yi sadaka. Ita ba ta mayar da hannun kyauta baya. Ja da kore, mai ƙyalli da mara ƙyalli, ta jera su a buhuna da kwalayen madara har suka haɗe da rufi, aka bar 'yar hanyar da sai dai a bi ta a karkace.

Saboda wannan ɗakin ne manyan 'ya'yanta biyu, Hassana da Zakiyya, suka yi jegon fari a Aujara, wajen yayar Malam, wadda yara ke kira Gwaggo Gaji. Gaji ta yi suna a wankan jego. A wajenta ruwan da bai sa mai jego ta kira sunan uwarta ba bai dahu ba. Kowa yana cewa ai tsofaffi su suka san abin, amma Adawiyya ta ga bayan Zakiyya da idonta ranar da ta dawo arba'in, duk ya saɓule, kuma ba ta ga wane sani ne a ciki ba. Yanzu ga Umaima, auta, cikinta ya shiga wata bakwai, lokacin zuwa goyon ciki gida ya yi. Bayan ita babu wata.

Gaji ta zo ran Asabar, ta leƙa ɗakin, ta janye kanta.

"Nan za ki sa mini 'ya? A saman buhu za ta haihu ko a ƙarƙashi?"

"Za a gyara, Yaya."

"Haka kika ce lokacin Hassana. Ran Asabar ta sama zan dawo. In na tarar da ɗaki, shi ke nan. In na tarar da kasuwa, in wuce gidan mijinta in ɗauke ta."

Washegari da hantsi Adawiyya ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta fara fito da buhuna tsakar gida. Ta kasa kashi uku: na ajiyewa, na bayarwa, na zubarwa. Ta yi wa kanta doka kamar yadda take yi wa 'yan aji: duk kwalin da ya yi shekara uku ba ta taɓa shi ba, ya tafi, duk guntun da bai kai tafin hannu ba, ya tafi, launi ɗaya kada ya wuce kwalin madara ɗaya. Dokar ta yi aiki fiye da yadda ta zata. Ta aika wa tsohuwar makarantarta manyan kalandu masu farin baya. Kafin Litinin kashin zubarwa ya kai buhu tara, galibi katunan aure, an ɗaure bakinsu, ana jiran mai amalanke ya kai bola.

Sai ga Malam ya dawo daga karatun safe. Wani kati ya zamo daga bakin buhu ya faɗi gaban takalminsa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe, ya duba, ya yi salati.

"Malama, ina za a kai waɗannan?"

"Bola mana."

"Bola? Da Bisimilla a kansu?"

Ta karɓa ta duba. Ga ta nan kuwa a sama, da ruwan zinare, ƙarƙashinta da ayar aure. Ta zazzage buhun. Goma cikin goma haka suke, musamman na bana, don tun da aka ƙaddamar da shari'a masu buga kati suke gasar ƙara aya, wani ma har a baya. Adawiyya ba ta yi musu ba. Ita ma ba za ta yarda sunan Allah ya kwanta a juji awaki na bi ta kai ba.

"To a ƙone duka," in ji ta.

"Buhu tara? A cikin unguwa? Sai an zo da bokitai an ce gobara. Kuma toka ce da za a binne a wuri mai tsarki, ina za mu binne tokar buhu tara? Ki yanke wajen rubutun kawai, ni zan ji da shi. Sauran ki yi yadda kika so."

Ta zauna a tabarma da almakashi da tasa. Ta yi kwana biyu tana yanka. Hannun da ya saba ba ya yin aikin banza, ko na zubarwa ne, sai ta ga ta yanke a miƙe sambal. Kati ya rabu da samansa mai Bisimilla, ya zama ɗan murabba'i mai kyau, fari fat a baya, daidai girman katin Sallah. Ta juya shi, ta sake juyawa. Wannan ai ya fi wanda take saye a kasuwa. Ta ajiye shi gefe, guda ɗaya dai. Kafin la'asar gefen ya fi tsakiya tsayi.

Ran Laraba Malam ya zo kwasar tasa, ya tsinci wani kati cikin waɗanda aka gama da su, ya kawo shi kusa da ido.

"Wannan angon sunansa Abdurrahim."

"Allah ya ba su zaman lafiya."

"Rahimu fa suna ne daga sunayen Allah."

Adawiyya ta ajiye almakashi. "Malam, rabin mazan Dutse Abdu ne. Ga waliyyai, ga 'yan kwamitin biki, kati ɗaya sai ka sami Abdu bakwai. Jaridar da ake naɗo maka ƙosai a ciki kullum, ka taɓa duba wa ke ciki?"

Malam bai taɓa dubawa ba, kuma daga yau ƙosai ya rage daɗi.

"Malamai sun yi saɓani," in ji shi a ƙarshe. "Amma fita daga shakka ya fi."

Da yake almakashi ba ya shiga tsakiyar kati, sai ta ɗauko reza. Ta zagaye sunan ango ta cire. Ta ɗaga katin, sai ga Malam tana hangen fuskarsa ta cikin 'yar taga, kewaye da furannin zinare.

"Tsaya haka, kar ka motsa," in ji ta. "Wallahi firem ne. A sa ɗan hoto a baya, a manna, shi ke nan."

"Malama, yau Laraba."

"Na sani."

Ran Juma'a bayan masallaci Malam ya ƙone guntayen a sabon kasko, ya binne tokar a gindin katanga, hankalinsa ya kwanta. Cikin buhuna taran nan kuwa bakwai sun koma ɗaki, a jere, an rubuta wa kowanne abin da za a yi da shi.

Gaji ta iso Asabar da hantsi, da ƙullin kayanta, don ta riga ta san abin da za ta gani. Ta tsaya a bakin ƙofa. Rabin ɗaki ya fito, an share, har an shimfiɗa katifa. Ɗaya rabin yana nan kamar jiya.

"An yi ƙoƙari," in ji ta. "Ina mai taya ta kwana za ta kwanta? Ina kayan jariri? Ina za a hura gawayi, kusa da wannan? Tartsatsi ɗaya ya isa. Bari in sha ruwa in wuce."

Adawiyya ta dubi buhunan. Ta san abin da ke cikin kowanne, da wanda ya kawo shi, da abin da ta ƙudura za ta yi da shi in ta sami sarari. Sai bayan Zakiyya ya faɗo mata. Ta shiga ta jawo na farko, na masu taga, ta ja shi ƙasa har rumfar murhu.

"Yaya, wanka sau nawa a rana?"

"Biyu. Kwana arba'in."

"Hura wuta tamanin ke nan. Da me kike tayar da ita a Aujara?"

"Kara."

"To mu nan birni ne, da kati muke tayarwa. An cire duk abin da bai kamata ya shiga murhu ba, Malam ne shaida." Ta koma ta jawo na biyu. "Malam, kama mini wancan."

Malam ya naɗe hannun riga. Gaji tana tsaye da kofin ruwa a hannu tana kallon ɗaki yana buɗewa, buhu bayan buhu, har tagar da ta manta akwai ta ta bayyana. Kwalin madara ɗaya tak Adawiyya ta rage, ta tura shi ƙarƙashin gadonta.

Gaji ta shiga ta zagaya, ta buga ƙafa a siminti, ta leƙa taga, tana neman abin cewa. Da ta rasa sai ta sauke ƙullinta a kusurwa.

"To, ta zo nan ɗin. Amma ni zan yi wankan, kuma nan zan kwana."

"Gidanki ne, Yaya. Ke da ganye, ni da sirka ruwa."

"Sirkawa? Ruwan jego ake sirkawa?"

"A Limawa ana sirkawa."

Gaji ta juya wajen ƙaninta. "Sharhabilu, kana ji?"

Malam ya ce shi dai an aike shi ɗauko Umaima, ya zura takalmi ya fice.