Kabejin Alhaji Zailani

Zamanin da kuɗin fetur ya ɓarke a Fatakwal, Alhaji Zailani mai kayan gwari a kasuwar Mile 3 ya shirya da direbansa Kallamu. Kallamu zai shiga sansanin 'yan Koriya masu aikin bututun mai ya gano abin da suke ci, don Alhaji ya riga kowa samun kwangilar abincinsu. Ladansa keke.

Kallamu ya tafi a shigar kurma mai shara, sai ka ce da kunnen ma zai ji yarensu. Da ya gama leƙe-leƙensa ya dawo.

"Alhaji, mutanen nan kabeji suke binnewa cikin tulu da barkono. Sai ya yi wari su tono su ci, har da lumshe ido."

"Ruɓaɓɓe suke so ke nan?"

"Wallahi kuwa, Alhaji."

Alhaji ya lulluɓe kabeji mota guda da tamfol a rana, har maƙwabta suka daina gaishe shi. Ya kai musu da kansa cikin babbar riga. Tun daga titi mai gadi ya kore shi.

Alhaji ya rasa kabeji da kwangila. Riba kuwa wani mai kiwon aladu a unguwar Diobu ya ci, ya kwashe lodin kyauta.